Daga Littafin Makaranta Zuwa Maɗaba'a: Hanyar da Marubuta Mata na Kano Suka Bi

Idan ana koyar da tarihin ƙagaggun labaran Hausa, akan fara ne daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, wadda ta haifar da littattafai biyar da aka buga a 1934, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Dukkan mawallafansu maza ne. Daga wannan shekara sai da aka yi shekara 46 kafin a ga sunan mace a bangon ƙagaggen labari na Hausa wanda wani kamfanin ɗab'i ya buga. Amma kuma ba a ƙara wata shekara 20 a kai ba sai da sunayen mata suka cika rumfunan masu sayar da littattafai a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Amsar da aka saba bayarwa game da wannan jinkiri da wannan ambaliya ita ce ƙarancin ilmin boko a tsakanin mata da kuma yaɗuwarsa daga baya. Lalle akwai gaskiya a ciki, sai dai rabin amsa ce. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya rabin, watau hanyar da rubutu yake bi daga hannun mai shi zuwa maɗaba'a, da wanda yake riƙe da ƙofar wannan hanya a kowane zamani, domin siffar littattafan mata, da kyawunsu da aibinsu, ba za su fahimtu sosai ba sai an san ta inda suka fito.

Tun da farko ya kamata a kawar da zaton cewa alƙalami baƙo ne a hannun matan ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba ta jira wata maɗaba'a ba. Ana kwafar waƙoƙinta da hannu, jajojin da ta naɗa suna haddacewa, suna kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Wato ita ce marubuciya, ita ce kuma ta tsara hanyar yaɗawa. A ƙarni na 20 a Kano an sami irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka san waƙoƙinsu ta rediyo da tarurruka tun kafin a gan su a takarda. Ba su shiga littafi ba sai a 1983, lokacin da Beverly Mack ta tattara su, Kamfanin NNPC na Zariya ya buga da sunan Alƙalami a Hannun Mata. Abin lura shi ne sai da wata manazarciya daga Amurka ta tsaya a tsakani. Ba baiwa aka rasa ba, an rasa mai kai takarda Zariya ne.

Zariya kuwa ita ce ƙofar, kuma kusan ita kaɗai. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, da NNPC da aka kafa a 1966, duk a can suke, kuma babbar kasuwarsu ita ce makarantu. Littafin da ba a sa ran za a sa shi a manhaja ba, da wuya a kashe masa kuɗi. Waɗanda suke da hanyar isa ga editocin nan malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida, kuma a wancan zamani kusan dukkansu maza ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mace ta farko ta shigo ta hanyar gasa, inda rubutu kan isa gaban alƙalai ta gidan waya ba tare da mai shi ya san kowa ba. A gasar da NNPC ya shirya a ƙarshen shekarun 1970, labarin Hafsatu Abdulwahid, haifaffiyar Ƙofar Mata a birnin Kano, ya shiga cikin uku da suka yi nasara, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. An buga So Aljannar Duniya a 1980. Labari ne na Boɗaɗo, yarinya Bafulatana da ta nace sai ta auri wanda take so ko da yake ba jinsinta ba ne, kuma a cikinsa ake fara jin muryar budurwa tana gardama da manyanta a kan aurenta. Littafin ya sami duk abin da kamfani yake bayarwa: edita, da daidaitacciyar Hausa, da shiga manhaja, da sake bugu. Ya kamata a riƙe wannan, domin matan da suka biyo baya ba su sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Masu karatu sun riga masu ɗab'i

Abubuwa biyu suka faru kusan a lokaci guda, ɗaya yana ƙara masu karatu, ɗaya yana rage masu buga littafi. Na farko shi ne shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sa'an nan Hukumar Ilmin Manya da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a Jihar Kano a 1980. Wannan hukuma ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci da cibiyoyin mata, cikinsu har da ta Gyaɗi-Gyaɗi, inda matan aure da zawarawa da waɗanda aka cire daga makaranta suke koyon karatu da rubutu tare da ɗinki da saƙa. Unguwannin da suke bayan ganuwa ta wajen Titin Zariya, irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Hotoro, suna cika a lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi daga garuruwa, kuma a irin waɗannan gidaje ne aka fi samun matar da ta iya karatun Hausar boko, tana zaune a gida, tana da ɗan kuɗin sana'arta, ba ta da abin karantawa sai littattafan da ta bari a aji. Magana Jari Ce ba ya magana a kan kishiya da uwar miji da saki kamar yadda ita take ganinsu a tsakar gidanta.

Abu na biyu shi ne karyewar tattalin arzikin Nijeriya da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Darajar naira ta faɗi, takarda da tawada da kayan gyaran injuna duk daga waje ake shigo da su, gwamnatocin jihohi kuma suka rage sayen littattafai. Manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta da suka tabbata za su sayu, suka daina karɓar sababbin labarai. Wato a daidai lokacin da masu karatu suka yawaita, a lokacin ne ƙofar Zariya ta rufu.

Abin da ya biyo baya shi ne marubuci ya buga da kuɗinsa. Daga cikin na farko-farko da aka sani akwai Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a tsakiyar shekarun 1980, sai Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987. Tarihin Hajiya Balaraba shi kansa ya isa misali. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammed, amma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, kuma sai daga baya ta koma karatu ta ajin manya. Ta sha faɗa cewa wannan ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, kuma tana cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Wannan ƙungiya da takwarorinta, irin su Kukan Kurciya, sun yi wani ɓangare na aikin kamfani: suna duba wa juna rubutu, suna nuna wa sabon shiga maɗaba'a mai sauƙin kuɗi, suna jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin kowane littafi don talla. Amma ba su da jari, ba su da ɗakin ajiya, ba su da edita mai albashi.

Yana da kyau a bi matakan ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu ne bambancin mace da namiji yake. Marubuciya takan rubuta labarinta da biro a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, galibi da dare ko bayan an gama girki. Daga nan sai a kai wa mai tafireta, daga baya kuma mai na'ura mai ƙwaƙwalwa a shagunan buga takardu, wanda sau da yawa bai taɓa koyon ƙa'idojin rubutun Hausa ba, injinsa ma ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Sai a kai ƙaramar maɗaba'a, a buga a takardar jarida, a ɗinke da ƙusar takarda, a sa bango mai zane, daga baya mai hoton 'yan fim. Sai a kai wa dillalai a Sabon Gari, su karɓa bashi, su rarraba wa masu zuwa sari daga Katsina da Gusau da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Namiji yana iya bin kowane mataki da ƙafarsa: ya zauna kusa da mai na'ura ya gyara kuskure, ya ƙirga kwafi a maɗaba'a, ya je kasuwa ya yi bin bashi. Matar aure da ba ta fita sai da izini takan miƙa littafinta ga miji ko ƙane ko ɗa, ba ta sake ganinsa sai ya zama bugagge. Wannan ne ya sa shafin godiya na littattafan nan yake da amfani ga mai tarihi. Jerin sunayen da ake gode wa, tun daga maigida har zuwa mai shago, shi ne taswirar hannayen da rubutun ya ratsa. Haka nan al'adar sa sunan miji a ƙarƙashin na marubuciya a bango: shaida ce ga mai saye, da ma mai suka, cewa da yardar gida aka yi.

Da kasuwa ta buɗe, sai wasu 'yan kasuwar littattafai suka koma sayen labari ɗungurum. A biya marubuciya sau ɗaya, ɗan kasuwa ya buga, ya sake bugawa iya son ransa. Ga wadda ba ta da jari kuma ba ta iya bin bashi a kasuwa, wannan sauƙi ne, kuma ta wannan hanya ce 'yammata da yawa suka ga sunansu a bango. Sai dai an sayar da haƙƙin mallaka ke nan, galibi ba tare da takarda ba.

Yadda hanya ta tsara salo

Yanzu sai a dubi abin da wannan tsari ya yi wa rubutun kansa. Abu na farko shi ne rarraba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci har na huɗu. Asalinsa ba dabarar adabi ba ce, dabarar jari ce: kuɗin da aka samu a na ɗaya da shi ake buga na biyu, kuma ƙaramin littafi shi ne daidai aljihun mai saye. Amma da ya zauna sai ya zama dabarar adabi. Dole marubuciya ta koyi inda za ta yanke labari, a bakin ƙofar ɗakin amarya ko a gaban alƙali ko a gadon asibiti, yadda mai karatu ba za ta haƙura ba sai ta aika a sayo na gaba. Wanda ya karanta Allura Cikin Ruwa (1994) ko Wa Ya San Gobe na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa zai ga gwanintar riƙe mai karatu da ba a koya a aji ba. Aibinsa kuma a fili yake: idan na ɗaya ya karɓu, akwai kwaɗayin jan labari fiye da ƙarfinsa, a cika shi da bayanin lefe da kayan ɗaki da girke-girke.

Ko wannan bayanin kaya ma bai kamata a yi saurin yar da shi ba. Masu karatun Anti Bilki, kamar yadda suke kiranta, suna ɗaukar littattafanta a matsayin makarantar zaman aure, inda tauraruwa takan yi ilmi mai zurfi, ta riƙe addini, ta iya tsafta da kwalliya da magana, ta mallaki gidanta ba tare da boka ba. Abin da manazarci yake gani cikon shafi, mai saye tana ganinsa darasi. Hajiya Balaraba kuwa wata hanya ta bi. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi da 'ya'yanta ne ake kora daga gida saboda maigida ya auro wata, sai ta tsaya da sana'ar abinci ta riƙe su. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta an ba da ita ga dattijo, ta gudu, ta yi karatu. Ita ba ta lallashi, kuma ta sha zagi da barazana a kan haka. Novian Whitsitt ya gina kundin digirinsa na uku (2000) a kan kwatanta waɗannan mata biyu, kuma bambancinsu kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa littattafan mata duk abu ɗaya ne, soyayya.

Abu na biyu shi ne harshe. Da yake babu edita, Hausar da ta shiga takarda ita ce Hausar tsakar gida: habaici, da gatse, da zaurancen kishiyoyi, da kirarin da uwa take yi wa 'yarta, da yadda ake gaisuwar barka da ta'aziyya. Littattafan Zariya, duk da kyawunsu, ba su adana wannan ba, domin mazan da suka rubuta su a zaure suke tsayawa. Mai nazarin karin harshen Kananci na mata a ƙarshen ƙarni na 20 ba shi da wata taska da ta kai waɗannan littattafai. Rashin editan nan kuma shi ne ya kawo haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da raba na haɗewa, da ɓatan ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, da sunan tauraro da yakan canza tsakanin kashi na ɗaya da na uku. Abu ɗaya ne ya haifi alherin da aibin.

Abu na uku shi ne kusanci da mai karatu. Marubuta suna sa adireshinsu a littafi, bayan zuwan wayar hannu a 2001 kuma suna sa lamba. Wasiƙu da kira suna zuwa tun labari bai ƙare ba, ana roƙon kada a kashe wance, ko ana kawo labarin rayuwa a ce a rubuta. Kwafi ɗaya kuma yakan zaga gidaje ta hanyar aro da shagunan haya, don haka yawan abin da aka buga bai taɓa nuna yawan masu karatu ba.

Muhawarar da ta tashi a jaridar Nasiha a farkon shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano yana kwatanta su da na kasuwar Onica, ta ci gaba har ƙarshen shekarun a New Nigerian, Ibrahim Sheme yana buɗe fili, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare marubutan. Masu suka suna da hujja a kan ƙa'idojin rubutu da kwaikwayon finafinan Indiya. Inda muhawarar ta yi rauni shi ne an auna littafin da mace ta buga da kuɗin adashinta da ma'aunin littafin da East ya zauna da Abubakar Imam suka tace, ba a tambayi wa zai biya mai tacewa ba. Wani abin lura kuma, yawancin masu muhawarar, da masu suka da masu kariya, maza ne.

Editan da bai zo ba, sai mai tace tarbiyya ya zo a madadinsa. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a wata makarantar 'yammata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a 2008 kuma hukumar, a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista ya kuma kawo rubutunsa a duba kafin bugu, abin da ya jawo doguwar taƙaddama da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. A cikin irin wannan yanayi ne ƙungiyoyin mata zalla suka yi ƙarfi, irin su Kallabi, wadda Hajiya Balaraba ta jagoranta, da Mace Mutum, wadda ta ɗauki sunan littafin Rahma Abdulmajid.

Daga nan hanyoyi suka rarrabu. Wasu sun bi fim, wanda ofisoshinsa suka taru a Titin Gidan Zu, maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi: an mai da Alhaki Kuykuyo Ne da Ki Yarda Da Ni finafinai, Hajiya Balaraba ta shirya Juyin Sarauta (2017), Fauziyya D. Sulaiman ta shiga cikin marubutan Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Littafi ɗaya ya ƙetare teku: Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, kuma kamfanin da ya buga shi a 2012, Blaft, na birnin Chennai ne a Indiya, ƙasar da aka ce daga gare ta marubutan suke sata. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarin Sansani, Maimuna Idris Sani Beli ta Kano ta ci ta 2017. An koma ƙofar gasa ke nan, wadda Hafsatu Abdulwahid ta shigo ta cikinta, da alƙalai da iyakar kalmomi, kuma gajerun labaran da suka fito sun nuna abin da matan nan suke iyawa idan an tilasta taƙaitawa.

Amma mafi yawa sun koma waya. Yau marubuciya a Tarauni tana rubutu da babban yatsa, tana sakin shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, tana ba da farkon labari kyauta, sauran sai an tura kuɗi ta banki. Ba ta bukatar ƙane ya kai Sabon Gari, ba ta bin dillali bashi, kuma wannan ne karo na farko da kuɗi yake zuwa hannunta kai tsaye. Dabarar yanke labari a inda rai yake so ta ƙara kaifi, domin yanzu kullum ake yankewa. Satar fasaha ita ma ta sauƙaƙa, tun da mutum ɗaya yana iya saye ya tura wa ɗari, wani kuma ya karanta a YouTube ya ci riba.

Matsalar da ta fi shafar masu nazari ita ce adana. Littattafan 1987 zuwa 2000 an buga su a takarda mai saurin ruɓewa, da yawa babu shekarar bugu, babu lambar littafi ta duniya, ba a kuma kai kwafi Ɗakin Karatu na Ƙasa ba. Jerin da aka fi dogara da shi har yanzu shi ne wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, wanda ya tsaya a 2002, kuma an gina shi ne a kan tarin da yake Landan. Na waya sun fi wannan rauni: da dandalin OkadaBooks ya rufe a 2023, littattafan Hausa da suke kansa sun bar kasuwa a rana ɗaya, sai abin da masu su suka ajiye. Ɗalibin da yake son rubuta kundi a kan marubutan mata na shekarun 1990 yakan fara ne da neman tsofaffin masu shagon haya a unguwanni, ko ya roƙi iyaye mata su buɗe akwatunan da suka ajiye a ƙarƙashin gado, inda sau da yawa yakan sami na ɗaya da na uku, na biyu kuwa an ara ba a dawo da shi ba.